An bar jaki ana dukan taiki a bakin iyaka

Ɗiyar gwaggona ta dawo Daura da leda ɗaya a hannu, bayan ta yi shekara biyu da 'yan watanni tana aikatau a ƙasar Larabawa. Bazawara ce, 'ya'yanta biyu. Wata Hajiya ce ta yi mata hanya, ta biya kuɗin fasfo da biza da jirgi, a kan za a riƙa cirewa a albashi. Ba zan ba da labarinta duka ba, don ba nawa ba ne, kuma akwai abin da ko gwaggo ba ta faɗa wa ba. Magana ɗaya ta yarje mini in ɗauka. Wata rana da la'asar muna zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa, na tambaye ta me ya hana ta gudu tun da wuri, tunda ba kullum ƙofar gidan take a kulle ba. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Yaya, ai ba kwaɗo ne ya tsare ni ba. Duk ranar da na ɗaga murya, matar gidan cewa take za ta kira mini askar, 'yan sandansu. Fasfona yana hannunsu. In na fita, ni ce mai laifi."

Haka ɗin kuwa aka yi. Ranar da tura ta kai bango ta fice, ba ta cika sati uku a ɓoye ba aka kama ta a wani samame. Babu wanda ya tambaye ta inda fasfonta ya shiga, ko wata nawa take bi bashin albashi. Aka ɗauki hoton yatsunta, ta yi zaman da za ta yi a tarhil, gidan da ake tsare waɗanda za a kora, aka sa ta jirgi. Mutanen da suka ci guminta na wata goma sha ɗaya ko tari ba a ce su yi ba.

Tun ranar nake juya maganarta a raina. Mu dai in aka ce mai fataucin mutane, wanda muke hangowa shi ne mai sarƙa da bulala, irin na labaran da kakanninmu suka ba mu na zamanin kamen bayi. Na yau ba ya bukatar maƙeri. Gwamnatoci sun ƙera masa sarƙar da ta fi ta ƙarfe, suka ba shi kyauta, ita ce dokar shige da fice. Muddin mace ta san cewa ranar da ta je gaban hukuma ita za a fara riƙewa, to ba za ta je ba, kuma wanda yake riƙe da ita ya san ba za ta je ba. Shi ya sa nake ganin duk dokar yaƙi da fataucin mata da ba ta shiga cikin dokar shige da fice ta ɗaure mata hannu ba, rabin doka ce.

Dubi tsarin kafala da ake yi a Saudiyya da sauran ƙasashen yankin har Labanan. Iƙamar 'yar aiki, wato takardar izninta na zama, a ɗaure take da sunan kafilinta, wanda ya ɗauke ta aiki. In ta bar gidansa ba da izni ba, sai ya kai rahoton cewa ta yi hurub, wato ta tsere, daga nan zamanta a ƙasar ya haramta ko da yunwa da duka ne suka fitar da ita. A watan Maris na 2021 Saudiyya ta sassauta tsarin, ta ba ma'aikata da yawa damar canza wurin aiki ba sai da yardar kafili ba, amma gyaran bai haɗa da masu aikin gida ba. Masu aikin gida kuwa su ne matanmu, 'yan shagala. A 2020, a Labanan, har tallar wata 'yar Nijeriya aka sa a Facebook, aka yi mata kuɗi dala 1,000 kamar tunkiya.

Akwai abu biyu da muke cakuɗawa a bakinmu, kuma cakuɗawar tana cutar da mata. Akwai wanda ka biya ya tsallakar da kai iyaka ta ɓarauniyar hanya, da kun isa kowa ya kama gabansa. Wannan fasa-ƙwaurin mutane ne, laifinsa a kan ƙasa yake. Akwai kuma wanda ya ɗauke ki da yaudara ko barazana ko bashi, don ya ci moriyar jikinki ko guminki. Wannan shi ne fatauci, laifinsa a kan mutum yake. Yarjejeniyar Palermo ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta shekarar 2000, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2001, ta yi wata magana da ya kamata a riƙa karantawa a kowane shinge: in dai an yi amfani da yaudara ko tilas, to yardar da macen ta bayar tun farko ba hujja ba ce. In kuwa ba ta kai shekara 18 ba, ba a ma bukatar a nemi yaudarar. Sai dai a kan hanya abubuwan biyu ba sa rabuwa da sauƙi. Yarinya takan bar Kano a matsayin fasinja da ta biya kuɗinta, kafin ta isa Sabha ta Libiya ta zama kaya.

To amma laifi tudu ne. Abu ne mai daɗi mu zauna a majalisa muna tsine wa Larabawa da Turawa, alhali hanyar ta ƙofar gidanmu ta bi. Daga Kano zuwa Daura, Mai'aduwa, Kwangwalam, a tsallaka Ɗan Barto, Matamaye, Damagaram, Agadas, sannan a raba hanya, wasu Dirku zuwa Libiya, wasu Arlit zuwa Aljeriya. Ta ɓangaren Katsina kuma Jibiya, Ɗan Isa, Maraɗi. Waɗannan su ne masu suna. Hanyoyin gona da 'yan acaba suke bi da dare ko lissafa su ba a yi. Duk ɗan Daura da ya taɓa zama a tasha ya ga motar da take cike da 'yammata da ba sa jin Hausa, kowacce da 'yar jaka, da mace ɗaya babba wadda ita kaɗai take amsa tambaya. Hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, ta ƙirga matan Nijeriya da suka isa Italiya ta teku: kusan 1,500 a 2014, sama da 11,000 a 2016, ta kuma ƙiyasta cewa kusan 80 cikin 100 mai yiwuwa fataucinsu ake yi. Ba ta sama suka tashi ba. A watan Nuwamba na 2017 aka sauke gawar 'yammata 26 a Salerno ta Italiya.

Kada kuma a ce abin na 'yan kudu ne kawai. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawa 92 a hamada arewa da Arlit, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su a hanyar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7. Yawancinsu mutanen ƙasar Kance ta Nijar ne, maƙwabtanmu na jiki, waɗanda muke cin kasuwa ɗaya da su, muke auratayya. Ga kuma wadda ba ma son a taɓo, don tana cikin gidajenmu: 'yar aikin da aka kawo daga ƙauyen Nijar, ko daga Binin da Togo, wadda kuɗin aikinta dillaliya take karɓa duk wata, ita kuma in ta yi gardama a ce za a kai ta wajen 'yan shige da fice su mayar da ita. Kalmar da aka tsare ƙanwata da ita ke nan, an dai juya ta da Hausa.

A takarda, Nijeriya ba ta yi baya ba. An kafa NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane, tun 2003, aka sake dokarta a 2015. Dokar ta ce wadda aka yi fataucinta ba za a tsare ta ko a gurfanar da ita ba a kan laifin da ya samo asali daga halin da aka jefa ta, har da rashin takardun tafiya ko riƙe na jabu. Ta ce kada a hana ta iznin zama na ɗan lokaci muddin ana shari'a. Ta haramta sa yaron da bai kai shekara 12 ba aikatau. Ta ma kafa asusun tallafa wa waɗanda abin ya shafa. Kuma in za a faɗi gaskiya, jami'an kan iyaka a Jibiya da Kwangwalam sun sha tare motoci su miƙa 'yammata ga NAPTIP, muna ji a rediyo.

Amma akwai 'yar ƙofa da aka bari a jikin waccan kariyar. Dokar cewa ta yi ba za a tsare ta ba idan yanayi ya nuna hakan ya dace. Wa zai auna yanayin? Wanda ya fara taɓa ta. Shi kuwa ba lauya ba ne, ba ma'aikacin jin daɗin jama'a ba ne. Mutum ne da ya kwana a shinge, sauro ya cije shi, kuma aikin da aka horar da shi a kai shi ne raba mai takarda da marar takarda. Abin da ake yaba masa da shi a ofis adadi ne: an kama kaza, an mayar da kaza. In yarinyar 'yar Nijeriya ce, da sauƙi, don ba inda za a kore ta. In baƙuwa ce, hanya mafi gajarta ita ce a kira ta baƙuwar haure a tsallakar da ita. Da ta sauka a can gefen, wa za ta tarar? Ɗan kamashon da ya ɗoro ta, ko dillaliyar da yanzu za ta ce bashin ya ninka tunda tafiyar farko ta lalace. An kori shaida, an bar mai laifi da sana'arsa, an kuma rubuta a rahoto cewa an yi aiki.

Wasu ƙasashe sun gane wannan tun tuni, ba don sun fi mu tausayi ba, sai don sun ga ba sa cin shari'a. Amurka ta fito da biza ta musamman a dokarta ta 2000, wadda ake kira T, tana ba wadda aka yi fataucinta zama har shekara huɗu da damar aiki, amma galibi da sharaɗin ta taimaka wa masu bincike. Yarjejeniyar ƙasashen Turai ta 2005 ta ce a ba ta aƙalla kwana 30 na hutu da tunani, ba a korarta a cikinsu, kafin ma a tambaye ta ko za ta ba da shaida. Wadda ta fi burge ni ita ce ta Italiya, sashe na 18 na dokar shige da ficenta ta 1998. Yana ba da iznin zama da ake iya sabuntawa, kuma mace za ta iya samunsa ta hannun ƙungiyar da take kula da ita, ba lallai sai ta fara kai ƙarar kowa ba. Matan Nijeriya da yawa ta wannan ƙofar suka fita daga titi. Ba cewa nake Italiya aljanna ce ba. Ita ɗin ce kuma take taimaka wa masu gadin tekun Libiya suna mayar da mutane inda suka gudo. Amma sashen nan ɗaya, in da hali, da na ɗauko shi na dasa a tamu dokar.

Dalilin da ya sa na tsaya a kan rashin sharaɗin shaida shi ne na san wa ake cewa ta tona. A Edo rantsuwa ake sa su a gidan boka, da gashi da farce, har sai da Oba Ewuare na Biyu ya tara bokayen a watan Maris na 2018 ya warware rantsuwoyin a bainar jama'a. Mu a nan ba a bukatar boka. Dillaliyar ƙawar inna ce, ko kishiyar yaya, ko matar da ta yi wa gidan rana lokacin da maigida yake kwance. Ka ce wa yarinya 'yar shekara sha tara, kwana ɗaya da fitowarta daga uƙuba, ko dai ta sa a ɗaure aminiyar uwarta ko a kore ta gobe, ka san abin da za ta zaɓa. Za ta ce ita ta kawo kanta. A ba ta wata guda ta ci ta ƙoshi, ta yi barci, ta ji muryar 'ya'yanta a waya, ta ga cewa mai kaki bai cinye ta ba. Bakin da tsoro ya rufe ba tsawa take buɗe shi ba.

Na san abin da za a ce, don an faɗa mini a majalisarmu. Wani abokina tsohon ma'aikaci ya ce, "Malam, in ka buɗe wannan ƙofar, kowace baƙuwa sai ta ce fataucinta aka yi." Maganarsa ba ta banza ba ce, za a samu masu ƙarya. Amma a duba Amurka, ƙasar da duniya take rububin shiga: ta ware biza 5,000 a shekara don wannan, aka yi shekara da shekaru ba a cike gurbin ba. Matsalar da aka fi gani ita ce mata ba sa fitowa. Balle a ƙasar Hausa, wace mace ce za ta laƙaba wa kanta cewa an sa ta karuwanci don ta samu takardar zama a Katsina? In ma an yi kuskure an bar maƙaryaciya ta yi kwana talatin a gidan kulawa, asarar buhun shinkafa ce. In aka yi kuskure ta ɗaya gefen, rai ne.

Sai masu cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, kwaɗayi ne ya kai ta. Wannan ta fi yi mini ciwo, don daga bakin masu sallah take fitowa. A Suratun Nur, aya ta 33, Allah ya hana a tilasta wa kuyangi yin alfasha don neman abin duniya, sannan ya ce wanda ya tilasta su, to bayan tilascin nan Allah mai gafara ne mai jin ƙai. Malaman tafsiri sun ce gafarar tasu ce, su waɗanda aka tilasta, kuma ayar ta sauka ne a kan Abdullahi ɗan Ubayyu da yake tura kuyanginsa su samo masa kuɗi. Malaman fiƙihu kuma suna kawo labarin matar da ƙishirwa ta kama a daji zamanin Sayyidina Umar, makiyayi ya hana ta ruwa sai ta ba da kanta, aka kawo ta, aka sake ta ba haddi saboda matsuwa ce. Duk wanda ya san abin da ake yi wa mata a kan jarkar ruwa tsakanin Agadas da Dirku, ya san wannan labarin bai tsufa ba. Abin da Turawa suka rubuta a 2000, mu muna karanta shi a zaure tun muna yara. Mun dai ƙi kai shi bakin iyaka ne.

Akwai wata dabara da take zuwa wa hukuma da sauri duk lokacin da aka yi abin kunya: a rufe, a hana, a tsananta. Mun ga rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, mun sake gani bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023. Kowa a Mai'aduwa ya san ba a daina wucewa ba, kuɗin wucewar ne ya hau. Nijar ta yi dokar hana jigilar baƙin haure a 2015, direbobin Agadas suka bar hanyar rijiyoyi suka koma inda ba kowa, har sojoji suka soke dokar a Nuwamba 2023. Duk lokacin da hanya ta yi tsada, bashin da yake wuyan mace ne yake ƙaruwa, bashin kuwa shi ne igiyar. Haka nan in aka ce kariya ita ce a tare duk macen da take tafiya ba namiji, to 'yar kasuwar da take kai atamfa Damagaram ita za ta sha wulaƙanci, dillaliya kuma ta nemo wa 'yammatanta mijin aro. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga ya yi kwana 90 ba biza. Yanzu da Nijar ta fice a Janairun 2025, an ce a ci gaba da mutunta zirga-zirgar har sai an ga abin da hali ya yi. Zaman jiran nan shi kansa makami ne a hannun mai son tsorata 'yar aiki daga Matamaye.

Abin da nake so in gani ba shi da tsawo. A rubuta ƙarara cikin ƙa'idar aikin jami'in shige da fice cewa in akwai alamar fatauci, kora ta tsaya cak har kwana 30, ba sai ya ga dama ba. A sa mata jami'ai a Jibiya da Kwangwalam da Babban Mutum waɗanda za su keɓe yarinya su yi mata tambaya nesa da idon uwar tafiya, da harshen da take ji. Gidan da za a ajiye ta ya zama gida, don in aka kulle ta da kwaɗo da sunan kariya, ba ta ga bambanci da inda ta fito ba. A ba ta damar bin haƙƙinta kafin ta tafi. Na tuna Hadijatu Mani, 'yar Nijar da aka sayar tana shekara 12. Da ta samu kanta ta auri wanda take so, ita aka fara ɗaurewa da sunan ta yi aure kan aure. Amma da ta samu masu tsaya mata, ta kai ƙasarta gaban kotun ECOWAS ta yi nasara a 2008, aka yanke a biya ta sefa miliyan 10. Da an tattara ta an jefa wata ƙasa tun ranar farko, da ba mu taɓa jin sunanta ba. In mun yi wannan a gida, sai mu samu bakin cewa Riyad ba za mu sa hannu a wata yarjejeniyar tura ma'aikata ba sai an yarda 'yarmu ta karɓi albashinta kafin a sa ta jirgi. Kura in tana maganin zawo, ai sai ta fara da kanta.

Ƙanwata yanzu tana suyar awara a ƙofar gida da yamma. Yaran unguwa sun sa mata suna 'Yar Jidda, ta daina nuna ta ji. Watannin baya aka yi suna a gidan maƙwabta, sai ga Hajiyar da ta kai ta, da zoben zinare a yatsu uku. Aka shimfiɗa mata darduma a inuwa, aka kawo mata lemo mai sanyi. Kafin ta tashi ta aika a tuna wa gwaggo ragowar kuɗin jirgi, kuma na ga mata biyu sun bi ta har bakin mota suna karɓar lambarta.